Baban Injiniya da Gangar Dakusa

Akwai wani mutum a Damagaram mai suna Alkasum, yana da rumfar sayar da iri da maganin ƙwari a Kasuwar Dole.

Ku tsaya tukuna. Na ga saƙonninku na jiya. Wai Admin ya tsufa, wai labaransa duk shiririta ce, babu darasi. Ni? Ni da ko gaisawa na yi da mutum sai ya koma gida da abin tunani? Ba komai, na yafe muku. Yau ga darasi har da gyara. Duk wanda ya ji kamar da shi nake, ni dai ban kama sunansa ba.

Alkasum ɗan Dakusa ne, amma ya shekara talatin a birni, ya kankare ƙauye daga jikinsa tas. Babbar riga ko a tsakiyar bazara. Bik uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu. Takalminsa kuwa, in ka duƙa kana iya gyara hularka a ciki. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba ne. Ciwonsa ɗaya: me mutane za su ce.

Yana da ɗa, Tijjani, mai hankali da ƙoƙarin karatu. Ranar da Tijjani ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, Alkasum ya zagaye kasuwa yana raba goro har ga waɗanda ba su tambaya ba. Da la'asar ya kira ɗan nasa tsakar gida.

"To, likita ko alƙali? Zaɓi ɗaya, ni duk na yarda."

Tijjani ya sunkuyar da kai. "Baba, akwai wata jami'a a Najeriya da ake koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo. Can nake so."

Alkasum ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai ke yin ta, sai ya daina.

"Kiɗa? A jami'a? Kai, tsoho Illa na garinmu ya shekara hamsin yana buga gangar noma, ko ƙofar lakwal bai taɓa leƙawa ba. Shekara goma sha uku ina saya maka kaye da bik don ka je ka zama Illa?"

"Baba, ba bugawa kaɗai ba ne. Ana rubuta shi, ana nazarinsa, ana koyar da shi. Akwai aikin radiyo, akwai koyarwa, akwai..."

"Akwai kuma roƙo a ƙofar gidan biki! Kiɗa na waɗanda suka gada ne, mu ba mu gada ba."

Kwana huɗu gidan ba daɗi. Uwar Tijjani, Rakiya, kuwa miyarta ta daina jin gishiri. A rana ta biyar ta ajiye masa kwano ta ce:

"Malam, yaron nan tun yana rarrafe yake kaɗa mini ƙore. In ka tura shi likitanci, cikin marasa lafiya zai dinga kaɗawa."

Alkasum ya ɗanɗani miyar, ya ji har yanzu lami ce. Ya sa aka kira Tijjani.

"Je ka. Amma ka yi mini alkawari. Ko a Damagaram ko a Dakusa, bakinka ba zai faɗi abin da kake karantawa ba, hannunka ba zai taɓa ganga a gaban mutane ba. Sai ranar da ni da kaina na sake ka."

"Na yi alkawari, Baba."

Washegari a kasuwa aka tambayi Alkasum me yaron zai karanta. Bai shirya ba. Ya dubi buhunan irin da ke gabansa, bakinsa ya riga shi:

"Injiniyan noma."

Jama'a, ƙaryar nan ta karɓe shi. Kafin wata uku an daina ce masa Alkasum, sai Baban Injiniya. Manoman Dakusa da Mirriya da Zermu suna wuce rumfa biyar su zo tasa, don a nan ake samun iri da shawara. In ya miƙa maka tiyar gero sai ya gyara murya ya ce, "Injiniya ya ce kada a zurfafa rami bana." Shi kuwa Injiniya yana can yana koyon yadda ake rubuta kiɗa a takarda.

Mutum ɗaya ya san gaskiya a kasuwar, Alhaji Inusa, Bakano mai sayar da atamfa a rumfar da ke kallon tasa. Shi ke kai wa Tijjani saƙo in ya je gida Najeriya. Wata rana ya leƙa har cikin jami'ar, ya tarar da shi a kan dandali da ganga a kafaɗa. Da ya dawo sai ya tsaya a bakin rumfar Alkasum yana murmushi.

"Badamagare, na ga Injiniya a bakin aiki. Sai dai ƙasar da yake aunawa da fatar akuya aka rufe ta."

"Bakano, rage murya. Ku Kanawa ba ku iya magana ba sai unguwa ta ji."

"Ni bakina a kulle yake. Amma ka dinga sayo mini shayi, makullin yana son mai."

Shekara uku Alkasum yana sayen shayin nan.

Duk bakans, wato hutun makaranta, Tijjani yakan tafi Dakusa da 'yar rikoda da babban kaye na rubutu, ya zauna wajen tsoho Illa. Abin da ya zaɓa ya rubuta littafin kammala karatu a kansa ke nan, kiɗan gayyar garinsu.

Bari in yi wa 'yan birni bayani, don na san wasunku a buhu kaɗai suka san gero. A Dakusa kowane gida yana da takensa a gangar noma. Take wani ɗan kiɗa ne da ke faɗin sunan kakan gidan da kirarinsa. Ranar gayya, wato ranar da gari zai taru ya nome gonar mutum ɗaya, ba da baki ake kiran mutane ba. Illa ne zai tsaya a bakin gari ya dinga bugo taken gidaje ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka bugi taken gidansa kuwa ba ya iya zama a ɗaki. Ko zazzaɓi yake yi sai ya fito da hauya, don zama a lokacin nan tamkar cewa ne kakansa bai haifu ba.

Gida arba'in da uku, take arba'in da uku, duk a kan Illa kaɗai. 'Ya'yansa sun tafi ci-rani, babu wanda ya tsaya ya koya.

Illa yakan buga, Tijjani ya ɗauka a kaset, ya rubuta. Saboda alkawari, Tijjani bai taɓa ɗaukar gangar ba. A cikin bukka Illa ke kifa masa ƙwarya, ya rufa mata tsumma, ya koya masa da yatsu a hankali. Mutanen gari kuwa sun ɗauka Injiniya yana tambayar tsohon labarin damunan da ne, shi kuma tsohon yana yi masa burga da ganga.

Alkasum ya san komai. Shi ya sa duk tafiya sai ya cusa wa Tijjani kwalabe uku a jaka.

"Ka cika su da ƙasa, ka riƙe a hannu inda za a gani."

Kwalaben nan har yau an ce suna bayan ɗakin Rakiya.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, fara kuma ta sauka ta ƙarasa abin da ya rage. Waɗanda suka ga dubu biyu da huɗu zuwa da biyar ba sai na yi musu bayani ba. Rumbuna suka zama wajen kwanan ɓeraye, ɓerayen ma suka gaji suka tafi. Aka sayar da awaki, aka sayar da jakuna. Samari da magidanta masu ƙarfi suka watse, wasu Kano, wasu Agadas, wasu ba a ma san inda suka nufa ba. Mata suka koma tsinkar ganye a daji.

A cikin bazarar nan tsoho Illa ya rasu.

Da damina ta kewayo, Allah ya yi ruwa. Aka shuka ɗan irin da aka samu, ya tsiro kyakkyawa. Amma ciyawa ma ta sha ruwan nan, kuma ita ba ta jin yunwa.

Wata safiya Alkasum yana zaune a rumfa, Tijjani ya dawo bakans kwana biyu ke nan, sai ga Idirisu, Sarkin Noman Dakusa, tsoho dogo da yunwa ta ƙara wa tsawo. Ya gaisa, ya ƙi zama.

"Baban Injiniya, Maigari ne ya aiko ni. Shekara uku muna jin shawarar ɗanka daga bakinka. Yau shi muke so ya zo da ƙafarsa. In kwana goma suka wuce a haka, geron bana ya tafi. In ya tafi kuwa, Dakusa ta tashi."

Alhaji Inusa daga can rumfarsa ya daina auna atamfa. Bai yi dariya ba. Wannan ya fi tsorata Alkasum.

"Gobe," in ji Alkasum. "Gobe da safe muna tafe."

Ya rufe rumfa tun kafin azahar. Ya bi ta wajen 'yan gwanjo ya sayo malfa da takalmin roba mai tsawo, ya zube su gaban Tijjani.

"Sa waɗannan. Ba sai ka yi magana ba. Ka duƙa, ka murza ƙasa, ka girgiza kai. Sauran ni zan ji da shi."

"Baba, zan bi ka. Alkawarina yana nan, ba zan tona ka ba. Amma ba zan ce musu ni injiniya ba ne."

"Wa ya ce ka ce? Malfar za ta faɗa."

Rakiya tana bakin murhu, ba ta juyo ba. "Malam, mutanen nan 'yan'uwanka ne fa. Da yayarka a cikinsu."

Ya yi kamar bai ji ba.

Da hantsi suka sauka a Dakusa. Alkasum ya yi shekara biyu bai je ba, kuma abin da ya gani ya sa ya rage faɗin tafiyarsa. Gari shiru. Ba kukan jaki, ba ƙarar turmi. Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Maigari, tsofaffi da mata da 'yan magidantan da suka rage, kowa ya zuba wa malfar Tijjani ido.

Aka kai su gonar farko. Geron yana nan, amma sai ka buɗa ciyawa kafin ka gan shi.

Alkasum ya gyara murya. "Injiniya yana ganin akwai matsalar sinadari a..."

"Ba sinadari ba ne, Alkasum," in ji Idirisu. "Ciyawa ce. Mun san ciwon, hannu muka rasa. Abin da muke roƙo, Injiniya ya rubuta wa manya takarda, ko a taimaka mana da magani, ko da injin noma."

Tijjani bai iya daurewa ba. "Baba Sarkin Noma, me ya hana gayya? Ko mutum talatin suka haɗu, gona ɗaya ba ta kai azahar."

Idirisu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Sau biyu muna kira da baki. Ran farko mutum bakwai suka zo, ran na biyu huɗu. Mai yunwa ba ya fita don an ce masa fito, ɗana, kowa yana lallaɓa tasa gonar har ya faɗi. Wani ɗan ƙanen Illa ya gwada kaɗa wata tsohuwar ganga, sai ya buga wa gidan Musa taken gidan da suke rigimar iyaka da su. Da ƙyar aka raba. Illa ya tafi da takenmu cikin kabari. Da akwai mai tashe mu da shi, wallahi ko da rarrafe za mu fito."

Tijjani ya juyo ya dubi ubansa.

Kallo kawai. Babban kayen nan yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗarsa, take arba'in da uku suna cikin yatsunsa, kuma kalma ɗaya ce tsakaninsa da su. Kalmar tana bakin Alkasum.

Alkasum ya dubi mutanen. Ya tuna rumfarsa. Ya tuna yadda ake tashi a ba shi kujera a wajen suna. Ya tuna "Baban Injiniya".

Ya ce, "Injiniya zai rubuta rapor. Ku yi haƙuri, za ku ji daga gare mu."

Na sani, na sani. Kada ku zage ni a sharhi, ba ni na faɗa ba.

Aka yi musu godiya. Godiyar ce ma ta fi ciwo. Suka kama hanyar bakin titi inda ake jiran mota, uba a gaba, ɗa a baya. Tijjani ya cire malfar ya riƙe a hannu.

Sun kusa fita gari sai suka ji ana kira.

"Kasum! Kai, Kasum, tsaya mana!"

Kulu ce, yayar Alkasum uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye shi yana jariri. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna ci-rani. Tana tafe tana haki, ta rungume wata kaza baƙa mai ƙashin ƙirji a waje.

"Yaya, lafiya?"

Ba ta kula shi ba, ta miƙa wa Tijjani kazar.

"Ungo, ɗana. An ce manyan nan ba sa duba takarda da sauri sai an gaishe su. Ita kaɗai ta rage mini, amma tana ƙwai. Ka kai musu. Ka sa sunan gonata a sama-sama, ka ji? Ba don ni ba, don yaran nan in sun dawo su tarar da abin ci."

Tijjani ya ƙi miƙa hannu. Idanunsa suka kawo ruwa. "Gwaggo, ba zan iya karɓa ba."

"To ubanka ya riƙe maka." Ta dangwara wa Alkasum kazar a ƙirji.

Ga Alkasum tsaye a tsakiyar hanya, babbar riga, bik uku, takalmi mai sheƙi, da kazar yayarsa ta ƙarshe a hannu. Yana jin bugun zuciyar kazar a tafinsa. Ba ta da nauyin komai, amma ya kasa ɗaga ƙafa da ita.

"Yaya," ya ce, "mu koma gindin tsamiya."

Mutane ba su gama watsewa ba. Ya tsaya a gabansu, har yanzu da kazar, don ya manta ya ajiye ta.

"Jama'a, babu rapor. Babu manyan da za a kai wa. Ɗana ba injiniya ba ne, bai taɓa zama ba. Ni na ƙirƙira. Duk shawarar da na ba ku shekara uku, daga kaina na ciro ta. Shi bai taɓa yi muku ƙarya ba, ni na ɗaure masa baki."

Mutane suka dubi juna.

Wani magidanci, Musa, ya miƙe. "Wato ramin da ka ce kada in zurfafa..."

"Ni ne."

"Da kwalaben ƙasar da yake ɗiba?"

"Suna bayan ɗaki."

Wata tsohuwa ta tafa hannu ta yi salati. Maigari ya kawar da kai, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Alkasum ya ji rigar nan ta yi masa yawa, kamar ta aro ce.

Kulu ta matso gaba. "To shi yaron me yake karantawa shekara uku? Sata?"

Kalmar da Alkasum ya shekara uku yana gudu ta fito da ƙyar.

"Kiɗa." Ya juya ga ɗansa, bai iya haɗa ido da shi ba. "Na sake ka."

Tijjani ya ajiye malfa a ƙasa. Ya durƙusa gaban Idirisu ya ce, "Baba Sarkin Noma, takenku bai shiga kabari ba. Baba Illa ya ba ni su duka. In an ba ni ganga, gobe a yi gayya."

Gangar tana wajen Hajara, matar marigayi Illa. Duk yunwar nan ta sayar da tabarmi da tukwane, amma ganga tana rataye a ɗaki, tana shafa mata mai. Da aka je da maganar sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tare.

"Malam ya ce kada in ba kowa, ko ɗan cikinsa ne, sai wanda ya buga mini taken shi Malam ɗin a bayan ƙwarya."

Ta kifa ƙwarya a ƙasa. Tijjani ya zauna, ya ɗora yatsu. Bai kai ƙarshe ba Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shiga ɗaki. Da ta fito, da ganga ta fito.

Saura abinci, don ba a gayya da ciki wofi. Alkasum ya aika wa Alhaji Inusa saƙo da direban motar Damagaram: a buɗe rumfarsa, a sayar da abin da zai sayu, a aiko da garin rogo da ƙuli-ƙuli. Kafin magariba buhu uku suka iso. Na ukun daga Inusa ne, da 'yar takarda a jiki: "Badamagare, wannan kuɗin shayinka ne na dawo maka da shi."

Washegari, ana idar da sallar asuba, ganga ta tashi a bakin gari.

Taken gidan Idirisu aka fara bugawa. Tsohon yana tsaye, amma da ya ji sai ya ƙara miƙewa, kamar an zare masa shekara ashirin daga baya. Ya ɗaga hauya sama ya yi kururuwa. Aka bugi na gidan Musa, daidai wannan karon, Musa ya fito yana ɗaura ɗamara yana faɗin sunan kakansa. Wani da aka ce kwana uku bai tashi ba ya fito yana dafa bango.

Sai Tijjani ya bugi taken wani gida da duk mazansa ke ci-rani. Aka yi jim. Ya sake bugawa. Can sai ga matar gidan ta fito da hauyar mijinta a kafaɗa, ta shiga layi ba ta kalli kowa ba. Daga nan duk gidan da ba namiji, mace ta amsa.

Kafin rana ta ɗaga, mutum sittin da wani abu suna cikin gonar Kulu, don da ita aka ce a fara. Tijjani yana bin bayansu da ganga, wanda ya ga ya fara sanyi sai ya matsa kusa da shi ya tuna masa ko shi jikan wane ne.

Alkasum fa? Yana gindin wata bishiya a bakin gona, cikin inuwa, ya naɗe ƙafa a kan buhun garin rogo. A ganinsa ya yi mai wuyar jiya. Har ya fara gaya wa wata tsohuwa cewa dama shi ya lura da baiwar yaron tun yana ƙarami.

Sai ganga ta sauya. Wani take ya tashi, mai nauyi, mai jan ƙafa. Ba wanda ya amsa.

Tijjani ya sake bugawa. Manoma suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Alkasum ya karkata hula ya ce da tsohuwar, da ƙarfi yadda za a ji, "Wannan kuma gidan waɗanne ragwaye ne? Ana kiransu suna kwance!"

Tsohuwar ta dube shi, ta matsa gefe.

Ganga ta buga karo na uku. Duk gonar ta tsaya cak, idon mutum sittin da wani abu a kansa. Kulu ta jefar da hauya, ta taho tana share hawaye da bakin zane.

"Kasum! Ba ka ji ba? Namu ne! Na Baba ne! Suma'ila Ƙi-inuwa, ba ya zama sai dame ya kai ɗari!"

Jama'a, jiya ya ji kunya a gaban mutane. Ta yau daban ce. Shekara talatin yana gyara takalmi, har ya kasa gane sunan ubansa da aka kira shi sau uku. Wanda ya riƙe masa sunan kuwa shi ne ɗan da ya ɓoye kamar abin kunya. Kuma ɗan Ƙi-inuwa, a inuwa kiran ya same shi.

Ya tashi. Ya cire babbar riga ya rataye a reshe, bik ukun suka zube ƙasa bai waiwaye su ba. Ya tuɓe takalmi. Ya ɗauki hauyar da Kulu ta yar, ya shiga rana.

Gaskiya ba wani noman kirki ya yi ba. Kafin ya kai rabin kuyya tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, sau biyu yana sare gero a maimakon ciyawa, Idirisu na bayansa yana cewa, "A hankali, Baban Injiniya, wannan shi muke ceto." Aka yi dariya, dariyar farko a Dakusa cikin watanni. Shi ma ya yi, hawaye na gangaro masa. Amma bai koma inuwa ba. Tijjani ya matso dab da shi, ya yi ta buga masa taken Suma'ila har ya kai bakin gona.

Kwana tara ana gayya, gona bayan gona. Ba duka aka ceto ba, wasu ciyawa ta riga ta gama da su. Amma Dakusa ba ta tashi ba. Kazar Kulu ma ta rayu, har ta yi 'ya'ya.

Tijjani ya koma ya ƙarasa karatunsa. Littafin nan na take arba'in da uku shi ya ba shi diplom, daga baya ya samu aikin koyarwa, yana kuma shirya wasanni a radiyo. Duk damina yana zuwa Dakusa, kuma yanzu matasa huɗu ne a garin suka iya taken gidajen, har da jikan Illa.

Alkasum ya rasa wasu masu sayen iri, ya daina ba da shawara. Sunan Baban Injiniya kuwa ya bi shi har tsufa, sai dai yanzu da dariya ake faɗa. In baƙo ya tambaye shi me ɗansa yake yi, yakan ajiye mudu, ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Makaɗi ne. A jami'a ya karanta." Sai Alhaji Inusa ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Ƙara murya, Badamagare, unguwa ba ta ji ba."

Masu shirin tambayata me ya sa na kawo wannan labari yau, ba ruwanku. Ba shi da wata alaƙa da takardar neman shiga sashen wasan kwaikwayo da ɗiyata ta ajiye mini a kan tebur sati uku da suka wuce. Ba shi kuma da alaƙa da miyar gidana da ta daina jin gishiri. Na dai sa hannu jiya, don ra'ayin kaina.

Darasi: Kada tsoron bakin mutane ya sa ka ɓoye baiwar da Allah ya ba ɗanka, ko ka yi mata rigar ƙarya. Ilimin da kake jin kunyar faɗa yau, wataƙila shi ne zai tashi garinku gobe, har ya tuna maka sunan ubanka. Ku tura wa iyayen da ke da ɗa ko ɗiya mai son karatun kiɗa da wasa, ku kuma tura wa Baban Injiniyan unguwarku, don kowace unguwa tana da nata.